Kyanwa Mai Ciwon Sukari Da Ciwon Ƙoda: Me Za A Zuba Mata A Kwano?

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, likitan dabbobi, ya gabatar a taron ƙungiya a Dutse





Kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana a kan wani abu daga cikin sana'ata ta likitancin dabbobi, ya kuma bar mini zaɓi. Na san da yawa sun zaci zan tsaya a kan kiwon ragon layya ko cutar kaji, tunda can ne kuɗi yake. To, ba can na nufa ba. Zan yi magana ne a kan kyanwa, kuma ba lafiyayya ba, tsohuwar kyanwa wadda ciwon sukari da ciwon ƙoda suka haɗu a jikinta. Ina ganin masu murmushi a layin baya, wato dai mutanen da tun muna aji ɗaya can ne mazauninsu. Ku yi haƙuri ku saurara, ba kyanwar Lami na kawo muku ba.

Kyanwa tana cikin gidajenmu, tana tsaron rumbu da shagon hatsi, kuma tana da haƙƙi a kanmu. Malamanmu na addini da ke zaune a nan sun fi ni sanin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na matar da aka azabtar saboda ta kulle kyanwa har yunwa ta kashe ta, sun kuma san inda Abu Huraira ya samo laƙabinsa. A da, kyanwar ƙauye ba ta cika yin tsawon ran da cutar tsufa za ta same ta ba. Yanzu a gidajen ma'aikata a Dutse da Birnin Kudu da Ringim akwai kyanwoyin da suka haura shekara goma, 'ya'ya sun tashi tare da su, har jikoki sun zo sun tarar da su. Irin waɗannan ne cututtukan nan biyu ke kamawa. Sannan su waɗannan cututtuka ba baƙinmu ba ne mu kanmu, mu da furfura ta gama kamawa. Wanda ya fahimci yadda suke yi a jikin kyanwa, zai fi gane abin da likitansa ke faɗa masa game da nasa jikin.

Kafin a yi maganar cuta, sai an san wace ce kyanwa. Asalinta daga kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya ne, dabbar busasshiyar ƙasa, mafarauciya wadda aka halitta don cin ɓera da tsuntsu da ƙadangare. Idan aka duba ɓera a matsayin abinci, kusan kashi 70 cikin ɗari ruwa ne, saura nama ne da kitse da ƙashi, sitaci kuwa ɗan abin da ke cikin tumbinsa ne kawai. Saboda haka yawun kyanwa ba shi da sinadarin narka sitaci irin wanda ke cikin namu, kuma masana a Filadelfiya ta Amurka sun nuna a shekarar 2005 cewa harshenta ba ya ma jin zaƙi. Ba ta kuma jin ƙishirwa da wuri, domin ta saba samun ruwanta daga abin da ta kama. Mu kuma me muke zuba mata? Ragowar tuwo, shinkafa da mai, burodi, taliya. Kyanwar da ke yawo tana farauta tana cike giɓin da kanta. Wadda ke kulle a gidan siminti, ba ɓera ba motsi, sai ƙiba, kuma kyanwa mai ƙiba ta fi mai matsakaicin jiki haɗarin kamuwa da ciwon sukari kusan ninki huɗu. Muzurun da aka dandaƙe ya fi kowa shiga wannan haɗari.

Ciwon sukari, kamar yadda malaminmu na Bayoloji ya zana mana a allo, matsalar insulin ce, wato sinadarin da wata gaɓa da ke kwance kusa da farkon ƙaramin hanji ke fitarwa don ya shigar da sukarin jini cikin tsoka da sauran sassan jiki. Likitoci na kiran gaɓar nan fankiriyas. Ta kan dabba aka fara gane wannan: a 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare ita suka ga ya kamu da ciwon sukari, sannan a 1921 Banting da Best suka tato insulin a birnin Toronto na Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a watan Janairu na 1922. Irin ciwon da ya fi kama kyanwa ya yi kama da wanda ke kama manya a cikinmu: insulin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, gaɓar ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Kyanwa na ci kamar gara amma tana ramewa, tana yawan zuwa bakin randa, tana yawan fitsari, wani lokaci a ga kiyashi sun taru inda ta yi. Idan abin ya daɗe, sai a ga tana tafiya tana dafa ƙasa da dukan dunduniyar ƙafafun baya maimakon yatsu, saboda jijiyoyi sun taɓu.

Amma kada wanda ya auna jinin kyanwa sau ɗaya ya yanke hukunci. Kyanwa idan ta tsorata, aka sa ta a buhu ko kwali aka ɗora a babur, sukarin jininta na iya tashi sama ƙwarai ba tare da tana da ciwo ba. Shi ya sa muke haɗawa da awon fitsari, a inda hali ya yi kuma da wani awon jini da ke nuna matsakaicin sukarin mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce.

Ita kuwa ƙoda matata ce. A kowace ƙodar mutum akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, a ta kyanwa kimanin dubu 200, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta dawowa. Mugun halin ciwon ƙoda shi ne shiru. Sai kusan kashi uku cikin huɗu na aikinta ya tafi kafin dattin da muka saba aunawa a jini, wanda ake kira kiriyatinin, ya tashi yadda za a lura. Ga kuma wani abin da ke ruɗa mai gida: alamomin farko iri ɗaya ne da na sukari, wato shan ruwa, fitsari, rama. Bambancin da za ka iya gani da idonka shi ne, mai sukari kaɗai tana ci sosai, wadda ƙoda ta taɓa kuwa tana shinshina abinci ta juya, tana amai, bakinta yana wari. Likitocin dabbobi na duniya sun kasa ciwon mataki huɗu. Idan kiriyatinin bai kai 1.6 ba, mataki na ɗaya ke nan, daga 1.6 zuwa 2.8 na biyu, daga 2.9 zuwa 5 na uku. Abin da ya haura 5 na huɗu. Ku riƙe wannan, domin matakin da ƙoda take shi ke yanke hukuncin abin da za a zuba a kwano. A wajen mutum, sukari ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe ƙoda. A wajen kyanwa yawanci tsufa ne ke haɗa su gida ɗaya, tunda wajen ɗaya cikin uku na kyanwoyin da suka wuce shekara goma suna da ciwon ƙoda ko da sukari ko babu.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Ciwon sukari yana cewa a ba ta nama da yawa, a janye sitaci. Da irin wannan abinci da allura a kan lokaci, kyanwoyi da dama sukan farfaɗo har a daina yi musu allura, abin da ba a cika samu ga kare ba. Ciwon ƙoda kuma yana cewa a yi hankali da nama, domin nama ne ke ɗauke da wani sinadari mai suna fosfaras, wanda ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. Idan ya taru a jini sai ya tayar da wasu ƙananan gaɓoɓi a wuya su riƙa zare alli daga ƙashi, allin da fosfaras su je su daskare a cikin ƙodar, su ƙara kashe matatan da suka rage. Abincin da kamfanoni ke yi don mai ƙoda kuwa, da yake an rage masa nama, sau da yawa da sitaci da kitse ake cike gurbin. Wato gaba kura, baya siyaki: ka bi sukari ka cuci ƙoda, ka bi ƙoda ka tayar da sukari.

Ra'ayina a nan, kuma shi ne na akasarin abokan sana'ata, shi ne ƙoda ke zaɓar abinci, allura kuma ta bi abincin. Dalili kuwa a fili yake. Sukari yana da linzami a hannunmu: in abinci ya ɗaga shi, likita ya ƙara insulin kaɗan. Ƙoda ba ta da irin wannan linzami, abinci shi ne babban maganinta. A wani bincike da aka buga a Ingila a shekarar 2000, kyanwoyin da suka karɓi abincin masu ciwon ƙoda sun rayu matsakaicin kwana 633, waɗanda suka ci gaba da abincinsu na da kuwa kwana 264. Babu wata ƙwaya ko allura da na sani da ta yi wa ƙodar kyanwa irin wannan aiki. Saboda haka idan ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu, ba a jayayya, abincin ƙoda ne. A mataki na ɗaya da farkon na biyu akwai sarari: ana iya barin ta a kan abinci mai ƙarancin sitaci, a dai zaɓi mai ƙarancin fosfaras, a riƙa awo. Ku lura, fosfaras ne abokin gaba na farko, ba naman kansa ba. Wanda ya janye wa tsohuwar kyanwa nama gaba ɗaya, jikinta zai koma cin tsokar kansa, ta rame ta zama ƙashi da fata, ya kashe ta da hannunsa yana ganin taimako yake yi.

Akwai kuma wata doka da ta fi duk waɗannan: kyanwa ta ci. Kyanwa ba kare ba ce da za a ce a bar shi da yunwa zai sauko. Idan ta yi kwanaki ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, kitse na taruwa a hantarta ya toshe ta, wannan kuwa cuta ce ta uku mai kisa. Sabon abinci a hankali ake shigar da shi, a cikin mako biyu zuwa huɗu, ana gauraya kaɗan da wanda ta saba, ana ɗan ɗumama shi don ƙamshi ya tashi. Kada a fara shi ranar da take amai, domin za ta haɗa ƙamshinsa da tashin zuciya ta ƙi shi har abada. Idan ta ƙi ƙememe, gara ta ci wanda bai cika dacewa ba da ta kwana da yunwa da insulin a jikinta.

Yanzu mu sauko Dutse. Abincin gwangwani na masu ciwon ƙoda, irin su Hill's k/d da Royal Canin Renal, daga waje ake shigo da su, suna da tsada, kuma ba abin da za ka shiga kasuwar Shuwarin ka saya ba ne. Wanda ke da hali ya samo, ya kuma zaɓi mai ruwa-ruwa a kan busasshe, domin na gwangwani kusan kashi 75 zuwa 80 ruwa ne, busasshen kuwa kashi 10 kacal, ga shi ya fi sitaci. Sauranmu sai tukunya. A tukunya, abin da muka fi ba kyanwa don nuna ƙauna shi ne ya fi cutar da mai ciwon ƙoda. Bandar kifin nan ta Haɗeja da ake ba ta da kai da ƙaya, da ƙananan busassun kifi, da ƙashin kaza, da madara da nono, da gwaiduwar ƙwai, da hanta mai yawa, duk cike suke da fosfaras. Kilishi da tsire da balangu ga gishiri ga yaji. Romon miya kuwa akwai albasa da tafarnuwa, waɗanda ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, alhali mai ciwon ƙoda dama jininta a ƙasa yake.

Abin da ya fi dacewa shi ne tsokar cinyar kaza da kitsenta, ba ƙashi, a dafa cikin ruwa ba gishiri ba magi, a zubar da ruwan farko domin yana tafiya da wani kaso na fosfaras. A haɗa da farin ƙwai dafaffe, wanda shi ne abinci mai gina jiki mafi ƙarancin fosfaras da ke cikin ɗakin girkinmu. A sa ɗan zuciya, saboda wani sinadari mai suna torin da kyanwa ba ta iya ƙera isasshe a jikinta. Rashinsa na raunana zuciya ya kuma makantar. Kitse shi zai ba ta ƙarfi ba tare da ya ɗaga sukari ba, shinkafa kuwa kaɗan ce, in likita ya ga da buƙata. Ɓawon ƙwai da aka wanke, aka busar, aka daka ya yi laushi kamar kwalli, yana ba da allin da ƙashi ya kamata ya bayar, yana kuma kama wani fosfaras ɗin tun a hanji. Sai dai ban ba ku ma'auni ba, kuma da gangan ne. Yawan kowane abu ya danganta da nauyin kyanwa da sakamakon awonta, kuma abincin gida da ba likita ne ya tsara shi ba yakan rasa wasu sinadarai da sai bayan watanni ake ganin illar. Idan abinci kaɗai bai saukar da fosfaras ba, akwai garin magani da ake barbaɗawa a ciki don ya ɗaure shi. A cikin abinci yake aiki, in aka ba ta shi da ciki wayam an yi asara.

Ruwa kuwa, a garin da zafin Maris zuwa Mayu ke haura digiri 40, shi ne rabin jinya. Kada wani ya ce tana yawan fitsari bari a rage mata ruwa. Fitsarin ne ke jawo shan ruwan, ba shan ruwan ke jawo fitsarin ba. In ka janye ruwa, ƙodar da ke lallaɓawa sai ta tsaya cikin kwana ɗaya ko biyu. A ajiye kwanuka masu faɗi a wurare da dama cikin inuwa, nesa da inda take ba-haya, a canza safe da yamma, a kuma ƙara cokali biyu ko uku na ruwa a cikin abincinta. Idan ciwo ya yi nisa, likita na iya koya wa mai gida yadda ake ƙara mata ruwa ta ƙarƙashin fatar wuya.

Sai allura. Yawanci sau biyu ake yi a rana, tsakaninsu awa goma sha biyu, a lokacin cin abinci. Ana farawa da kaɗan ƙwarai, sau da yawa yunit ɗaya, a jira kwana biyar zuwa bakwai kafin a taɓa ma'aunin. Akwai tarko a nan da nake so kowa ya ji. Insulin na mutane, irin su Lantus da muke amfani da shi sosai ga kyanwa, yunit 100 ne a kowace mililita. Na dabbobi irin su Caninsulin yunit 40 ne. Kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai ƙarfin 100 da sirinjin mai 40 ya ba ta ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, wannan kuwa ya isa ya kashe ta kafin azahar. Tarko na biyu ya shafi ƙodar kai tsaye: ƙoda na daga cikin masu share insulin daga jini, saboda haka idan ta ƙara rauni sai insulin ya daɗe yana aiki, ga kuma cin abinci ya ragu. Ma'aunin da ya yi daidai bara na iya zama guba bana. Shi ya sa ga irin wannan kyanwa ba ma neman sukari ya sauko daidai da na lafiyayya. In yana yawo tsakanin 5 da 14, ko 90 zuwa 250 a na'urar da ke ƙirga da manyan lambobi, tana ci, ƙishirwa ta ragu, nauyi ya tsaya, mun gode Allah. Sukari mai ɗan yawa a hankali yake ɓarna, wanda ya faɗi kuwa a cikin awa yake kisa. Alamarsa rawar jiki, tangaɗi kamar mai maye, kallon da ba gani, har suma. A shafa mata zuma a dasashi, kada a ɗura mata komai a maƙogwaro, a nemi likita nan take. Ranar da ta ƙi abinci gaba ɗaya ko take amai, kada a yi mata cikakkiyar allura sai an yi magana da shi. Digon jini daga gefen kunne ya isa awo a gida, kuma na'urar mutane na aiki, ko da yake takan nuna ƙasa kaɗan da gaskiya a jinin kyanwa.

Wani zai ce, ina za a ajiye insulin a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya? Amsar daga garin nan ta fito. Marigayi Malam Muhammad Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa a nan Dutse, shi ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a shekarun 1990: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Don tumatir da alayyafo da gauta ya yi ta, ta kuma jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ita wannan tukunya tana yi wa insulin amfani, kuma ta fi aiki a busasshen zafi irin namu na bazara. Wani bincike da ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF da Jami'ar Janiba suka buga a 2021, bisa yanayin wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya, ya nuna kwalbar da aka buɗe na riƙe ƙarfinta har mako huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wato abin tsoro shi ne rana kai tsaye, da cikin mota, da kuma ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya mutu. A sa kwalbar cikin ɗan gwangwani mai murfi kada ta jiƙe. Wannan magana ta shafi har waɗanda ke yi wa kansu allura a cikinmu.

Bari in ja kunne a kan magunguna, domin a nan muka fi yin ɓarna. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Allurar jentamaisin, wadda ake yi wa dabbobi barkatai, tana ƙona ƙoda. Deksametazon, wanda masu allurar dabbobi na kasuwa ke ɗauka maganin komai, yana tayar da sukari, har yana iya zama shi ne sanadin ciwon tun farko. Haka ma maganin hana kyanwa ɗaukar ciki. A Amurka an amince da wasu sababbin magungunan sha na sukarin kyanwa, Bexacat a ƙarshen 2022 da Senvelgo a 2023, waɗanda ke sa sukari ya fita ta fitsari. Ba na kyanwarmu ta yau ba ne: an yi su don wadda ba ta da wata cuta mai nauyi kuma ba a taɓa yi mata insulin ba. Abin da take buƙata shi ne a riƙa auna mata hawan jini, domin yakan biyo ciwon ƙoda ya makantar da ita dare ɗaya, alhali ƙwayar amlodifin na saukar da shi. A riƙa duba fitsari kuma, saboda fitsari mai sukari makwancin ƙwayoyin cuta ne, in suka haura sama sai ƙoda.

Na ga wasu tun ɗazu suna taɓa aljihun da ƙwayoyinsu suke. To, ga abin da ya yi daidai da namu, ga kuma wanda ya saɓa. Shirun ƙoda iri ɗaya ne: mai ciwon sukari a cikinmu ya kamata a auna masa kiriyatinin da furotin na fitsari aƙalla sau ɗaya a shekara, ko yana jin garau, kuma ga asibitin Rasheed Shekoni nan kusa. Ba wanda bai ji labarin yawan masu ciwon ƙoda a yankin Haɗeja da Gashuwa ba, kuma wanda ya taɓa raka ɗan'uwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ya san abin da yake ci na dukiya da na rai. Daɗewar insulin a jiki idan ƙoda ta raunana iri ɗaya ce, ƙwayar metfomin ma akan rage ta ko a tsayar idan ƙoda ta yi ƙasa. Maganin ciwon jiki da muke sha kamar gyaɗa, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, illarsu ɗaya ce. Amma ga inda aka rabu. Kyanwa mai ciwon ƙoda takan yi asarar sinadarin fotashiyam a fitsari, har wuyanta ya langaɓe ta kasa ɗaga kai, sai an ƙara mata. Mutumin da ƙodarsa ta yi nisa kuwa taruwa fotashiyam ke yi masa har ya tsayar da zuciya. Dabinon da Dutse ke alfahari da shi yana da sukari yana kuma da fotashiyam, don haka mai cututtukan nan biyu ya tambayi likitansa ƙwaya nawa, ya kuma je ya gan shi kafin watan azumi, ba bayan ya kwanta ba. Kada dai wanda ya koma gida ya ce likitan dabbobi ya tsara masa abinci. Majinyatana masu ƙafa huɗu ne.

Mu koma kan kyanwarmu. Jinyar nan ba ta warkarwa, lallaɓawa ce, kuma tana da tsada: insulin, sirinji, takardun awo, kaza, da zuwa wurin likita kowane wata uku, ko fiye da haka a farkon jinya. Wasu awon sai an aika jini ɗakin gwaji na mutane, mai wuyar sha'ani kuma sai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ba kowa zai iya duka ba, kuma babu kunya a faɗa wa likita iyakar aljihu tun farko don ya tsara abin da za a iya ɗorewa a kai. Ruwa mai tsabta, janye kifi da ƙashi da madara, da guje wa magungunan da na ambata, ba sa cin kuɗi. Abin da ba na so shi ne a sa ta a buhu a kai bayan gari a yar, kamar yadda wasu ke yi idan kyanwa ta tsufa ta fara ɓata ɗaki. Idan ta kai ga ba ci ba sha, amai ba tsayawa, magani ya daina kamawa, a zauna da likita, wanda zuciyarsa ke wasiwasi ya tambayi malaminsa, a yanke abin da ya fi sauƙi gare ta.

Wanda ya ɗauki jinyar kuwa, ya sayi littafi irin mai shafi arba'in ɗin nan da muke rubutun darasi a ciki. Kullum a rubuta lokacin allura da yawanta, abin da ta ci, da ruwan da ta sha, wato a auna abin da aka zuba da safe a cire abin da ya rage washegari. Sau ɗaya a mako a auna nauyinta: mutum ya hau sikeli da ita a hannu, ya sauke ta ya sake hawa. Mutum ɗaya ne zai riƙe allura a gidan, kada uwargida ta yi, yaro ya dawo daga makaranta shi ma ya yi. In an yi allura aka ga kamar ta zube a gashi, ba a maimaitawa, a jira lokaci na gaba. Da littafin nan za a zo wurin likita, domin da shi muke gane ko a ƙara ko a rage.

Mai girma Shugaba, na ga Sakatare yana nuna mini agogo.  Mai tambaya ina nan har a tashi.